Ta Zaune da Ta Tafiya

Kuɗin adashe sun faɗo hannuna ran Litinin,
jika ɗari da tamanin, sau uku na ƙirga.
Na naɗe su a tsumman da Cima ke ƙulle daddawa,
na tari kabu-kabu, sai Babbar Kasuwa.

Shagon Rabe na bayan masu facin taya,
fanka guda gare shi, ita ma wuyanta ya karye.
Ga su bisa kanta su biyu, duk 'yan gwanjo:
ɗaya baƙa, da akwati kamar rumbun tsaba,
ɗaya siririya, ta rufe baki kamar littafi.

Ya ce, "Malam Nomau, wagga ta tebur san huɗa ce.
Ko ta yi tari, nan Maraɗi muke buɗe cikinta,
mu hure ƙasa, mu sake mata hanji, ta tashi.
Waccan ko zabuwa ce, kyawun zane da saurin tashi,
ran da ta faɗi, maganinta sai an aika Kano."

Ni ko malamin lissafin manoman aya ne.
Laraba ina Cadawa, wata rana Gazawa,
da littafi a hammata, da tiya da ma'auni.
Bara ruwan Agusta ya same ni a hanyar Agye,
sunan mutum tara ya narke, har da bashinsu.
Har yau akwai wanda ba ya amsa sallamata.

Ina tsaye sai na tuna Baba, tela a Bagalam.
Shekara arba'in kekensa bai bar zaure ba,
ƙafafunta huɗu sun huda daɓe, ramin na nan.
Ƙanensa Ɗanjimo tasa a ka ya ɗauka,
yana kaɗa almakashi lungu-lungu har Agadas.
Baba ya bar gida.
Kawu ya bar labari.
Ban san wanda ya fi wani riba ba.

Kuma na san gidanmu.
Abin da hannu ɗaya ke ɗauka, ƙafa gare shi.
Rediyo ta bi Sanusi, ba ta dawo ba,
dutsen guga yana Zariya wajen suruka,
ɗan yayata na jin ƙanshin siririyar nan
zai zo da gaisuwa, da zancen ƙwallo.
Baƙar kuwa, wa zai are ta? Sai da amalanke.

Na buɗe baki in ce a ɗaure min ta zaune,
sai Nijelek ta ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya. Baƙar ta mutu da magana a baki.
Cikin duhun shagon fuska guda ta rage,
tana haska gemun Rabe da ƙudan da ke kanta.
Ya yi dariya: "Kada ta ruɗe ka,
batirinta minti arba'in ne, in ta ga dama."

Minti arba'in.
Ya isa in juya ta gaban tsoho Barmo a gindin gawo,
ya sa yatsa bisa sunansa, jikansa ya karanta:
buhu sha ɗaya, an biya bakwai, saura huɗu.
Barmo bai taɓa yarda da lambar da bai gani ba.

Muka ja ciniki har aka kira la'asar.
Albarka, albarka, sannan ya sallama.
Na fito da ita a ƙirji kamar jinjirin wani,
ina ce wa ɗan kabu-kabu ya bi ramuka sannu.
Da na waiwaya, Rabe na lulluɓe baƙar da zane,
sai na ji kamar na ƙi gaida babba.

Da dare Cima ta share keken Baba, ta sa mai,
ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa,
har da soso a ciki, saboda hanyar Agye.

Mutanen gida kuwa na gaya musu ta ƙungiya ce.
Allah Ya yafe min wannan.