Kwalba Uku a Bakin Kogin Yi

Ƙarfe huɗu na asuba, Durazno na barci,
ni Nelida ina zura takalmin roba.
Abin da mahauta suka bari jiya,
ƙashi, kofato, hanji da kitse,
an dafa, an matse, ya tafi sabulu da abincin kaji.
Ruwan da ya rage, shi ne rabona.

Ja yake zuwa, da ɗuminsa,
kamar bai ji labarin yankan ba.
Rariyar ƙarfe ta tare gashi.
A tanki na biyu in zuba alif,
inji ya hura kumfa daga ƙasa,
kitse ya taso, in yaɗe shi.

Sai tafkin da aka lulluɓe da baƙar leda.
Ma'aikatan cikinsa ido ba ya ganinsu,
ba albashi, ba hutun Lahadi,
suna cin ƙazanta suna gyatsar gas,
gas ɗin ya koma ya hura tukunyar da ta haife shi.

Babana Eleuterio ya naɗe ƙugiyarsa
tun shekarar da tarwaɗa suka taso
farin cikinsu a sama, ba na murna ba.
Ya ce mini, kin bi masu kashe kogi.
Na haɗiye amsa.

Injiniya Techera ya gama da ruwan a takarda,
kacala ba ta gama ba.
Kadada biyu, tsakuwa da saiwa,
kwana tara ruwa na ratsawa,
yana ajiye kayansa kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan tsohon bashi.
Bara sanyin Yuli ya cinye rabinta,
wari ya dawo gari,
maƙwabta suka rufe taga da baki.
Ni da Wilmar muka sake dashe, laka har gwiwa,
yatsu sun daskare.

Yau na jera kwalabe a kan dakali:
ta fari ja,
ta biyu ruwan toka,
ta uku ina hango yatsana ta cikinta.
Ba ta sha ba ce, na sani, awo ya faɗa.

Amma a bakin bututun ƙarshe
zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya.
Bayansa, can gefen waya,
wani tsoho rungume da butar ruwan zafi
yana zuƙar mate, yana kallon ruwa.
Bai gaishe ni ba.
Ya dai tambaya ko tana na nan a lakar.