Ranar Sallamar Malam Nalado

Ni ne masinjan ofishin ilimi,
shekara tara ina riƙe masa jaka.
Makarantu goma sha ɗaya gare mu,
daga bakin Daura har gonakin Gurjiya.

Ranar da ya kama aiki
ko kujerar bai ɗumama ba.
Ya ce, "Ɗauko rajista, Ilu, hau baya."
Babur na tari kamar tsoho,
muka iske malamai bakwai a takarda,
uku a aji.
Bai ɗaga murya ba. Alli ya ɗauka
ya ƙarasa lissafin da aka bari a allo.
Kafin wata ya zagayo huɗun sun ɓullo,
har da mai shagon taki.

Kan rufin da iska ta yaye
sau shida yana bin kafinta har gida.
Benci ɗari da arba'in, da hannuna na ƙirga.
Rijiyar burtsatse ɗaya. Ta biyun
har yau tana barci cikin fayil,
yakan ce ita ce bashin da ke wuyansa.

Bara Hurera, ɗiyar mai faci,
ta ci jarrabawar makarantar kimiyya.
Ya karanta sunan sau biyu, ya zare tabarau,
wai ƙwaro ne ya faɗa masa ido.

Yau an ba shi agogon bango, an sha lemo.
Ya miƙo mini makulli ya ce,
"In sabon ya zo gobe, faɗa masa
aji uku na Madobi na yoyo ta gabas."