Agogon Sista Rifkatu

Ranar Talata, la'asar sakaliya,
ina harhaɗa kaya a rumfata ta Tudun Wada,
sai ga yarinya da ƙullin hankici.
Ta ce, "Baba Tanimu, na kakata ne.
An ce in ba kai ba, sai dai Kano."

Na kwance ƙullin, na yi shiru.
Shekara arba'in ina bakin titin nan,
yau batir kawai nake sauya wa na roba,
irin wanda in ya mutu ba a zaman makoki.
Wannan ba sa'ansu ba ne.

Fuskarsa ba ta fi sisin da ba,
fara ce can baya, ta ɗan juya ruwan ƙwai.
Lamba biyu tak, sha biyu da shida,
sauran ɗigon zinariya ne.
Maƙerin nan ba mai yawan magana ba ne.
Tsinke biyu sirara kamar gashin ido,
na uku can ƙasa da ɗakinsa shi kaɗai,
shi ne mai ƙirgen daƙiƙa.
Lu'ulu'u sun yi wa fuskar zobe,
kowanne bai kai ƙwayar gero ba,
kowanne farce huɗu sun damƙe shi
yadda shirwa ke damƙe ɗan tsako.
Maɗaurin kuwa kitso ne aka yi wa ƙarfe,
yana kwanciya a tafin hannu kamar ruwa.

Na bi su da bakin hantsaki:
ashirin da uku.
Gurbi ɗaya wayam, giɓin ɗan shekara bakwai.

Na ce, "Faɗuwa ya yi?"
Ta ce a'a.
Wai wani Kwara ne mai sayen auduga a Sabon Gari,
matarsa ta kwana biyu kan gwiwa a Wusasa,
Sista ba ta runtsa ba sai da aka ji kuka.
Da safe ya ajiye mata wannan, bai iya cewa komai ba.
Ba ta taɓa kai shi gidan biki ba.
Aiki ta ba shi.
Yatsa biyu kan jijiyar mai jego,
ido kan ƙaramin tsinken,
ya sha sabulu, ya sha abin da ya fi sabulu.
Shekarar da ɗanta zai shiga karatu a Samaru
ta sa maƙeri ya ciro ɗaya.
Ta ce ashirin da uku ma sun ishi mai duba lokaci.

Na buɗe bayan.
Mu masu gyara muna da wasiƙarmu a ɓoye,
kowa ya taɓa sai ya karce alamarsa a murfi.
Uku na gani.
Ta tsakiya ƙafar kaza ce, ta ɗan karkata hagu.
Hannun maigidana Ɗan'azumi,
wanda yakan doke min yatsa
in na yi numfashi kan buɗaɗɗen agogo.
Sai na ga na riƙe numfashina,
ni da furfura har gira.

Ba abin da ya karye.
Dauɗa ce da kewa.
Na wanke, na ɗiga mai da bakin allura,
na yi masa wani a hankali, sau goma sha biyu.
Ya yi jim kamar mai tuna sunan wani,
sannan ya ɗauka.

Ina da gilashi a gwangwani da zai cike giɓin,
ba mai ganewa sai irina.
Ban ambata ba.
Na karce tawa alamar ƙarƙashin ƙafar kaza, na rufe.

Ta ɗaura. Ya yi mata yawa kaɗan.
Ashe a Shika take, shekarar ƙarshe.
Kafin in faɗi kuɗin aiki
ta kama wuyan hannuna, yatsa biyu,
leɓenta yana motsi, babura suna ta wucewa.
Minti ɗaya cur.
Ta ce, "Baba, naka yana gudu.
Ranar Alhamis ka zo a duba ka."