Hasumiyar Kwali

Daren Alhamis, bayan Isha, a garejin Sada mai walda,
mu goma sha ɗaya, 'yan aikin gayya na Rafindadi,
da Kanta ta aro wadda jiya-jiya ta sauke albasa,
har yanzu tana sa Rabe hawaye.

Gobe faretin yara. Gobarau za mu ɗora mata.
Kwalin firji huɗu, karan dawa, ƙusa rabin gwangwani,
sitati a tukunya, Hindatu na damawa kamar kunun buɗa-baki.
Kallamu ya sami yatsansa da guduma,
ya yi salati, ya tsotsa, ya ci gaba.
Ba mai biyan kowa. Shayin ma karo-karo ne.

Janareta ya mutu sau uku.
Muka riƙe fitilar waya da haƙori.
Fenti ya ƙare a hawa na biyu,
Hindatu ta kankaro jar ƙasa daga gindin katanga,
ta kwaɓa, muka shafe da tafin hannu.

Da asuba ga ta tsaye, ta leƙa maƙwabta.
A bakin titi wayar lantarki ta tare hanya.
Shiru.
Sada ya auna da gora: kamu biyu.
Ni aka miƙa wa zarto, don ni na zana kan.

Da hantsi muka ratsa Ƙofar Soro,
hasumiya guntuwa, yara na binmu da tafi.
Wata tsohuwa ta sauke tallanta, ta ce, "Ita ce, sak!"

Kan yana ɗakina, bisa akwati.
Har yau warin albasa yake.