Hanyar Rijiya

Sai na hau jigawar bayan gari, ta hanyar Gumel,
kafin waya ta kama sabis.
Can nake tsugunawa ina sauke darussa,
data na tsiyaya kamar ruwa a kwando.

Wani malami da ban san ƙasarsa ba ya ce:
yanka fili gida-gida kamar ramukan dara,
sa baƙi inda bango yake,
sai na'ura ta lissafo hanya mafi kusa.
Na kwafe a bayan littafin bashin shagon cajina.

Injin goge gilashin mota, batirin babur,
tayoyin keken yara,
da kunnuwa biyu masu jin amsa-kuwwa irin na jemage
da Sagiru ya sayo mini a Sabon Gari.
Yara suka raɗa masa Ɗan Tsako.

Ranar farko ya tunkuyi turmi.
Ta biyu ya faɗa kwatami.
Ta uku ya tsaya gaban akuyar Tabawa yana karkarwa,
don babu akuya a taswirar da na ba shi.

Baffa Ilu na gindin darbejiya yana tufka.
Shekara ashirin da bakwai rabonsa da ganin rana,
amma ba mai ɗebo masa ruwa.
Ya ce, "Me ke ta bangazar kaya haka?"
Na faɗa masa. Ya yi dariya har igiya ta warware.

"Taku arba'in da ɗaya ne zuwa rumbun Gambo,
amma ba na rantsuwa a kai.
Jiya kara aka jibge, gobe yashi.
Abin da na sani, riƙon sakwa-sakwa nake masa,
in sanda ta kawo sabon labari sai in gyara.
Gajeriyar hanya ta masu ido ce.
Ni wadda ba rami nake bi."

Da dare na koma darasi na tara,
wanda na tsallake don Turancinsa ya yi mini kauri:
yadda na'ura ke zana taswira tana cikin tafiya.
Ashe.

Yau da hantsi suka fita su biyu,
sanda na ƙwas-ƙwas, taya na kuka.
A ƙofar masallaci Ɗan Tsako ya kewaye tulin tubali
wanda ko ni ban san da shi ba.

Bai kai rijiya ba. Batir ya mutu.
Baffa ne ya dawo mini da shi a hammata,
bokiti a ka,
ko ɗigo bai zuba ba.