Masunci a Tudu

Ni ke riƙe da littafin kwamitin zakka,
mai shuɗin bango, wanda ɓera ya ci wa kusurwa.
Ran da motar itace ta sauke su gindin tsamiyarmu
su bakwai ne, da tukunya ɗaya, da rediyo marar batir.

Na ce, suna?
Ya ce, Kyari.
Daga ina?
Ya nuna gabas da haɓa: bakin Tafki,
garin da yanzu ciyawa ta cinye masallacinsa.
Sana'a fa?
Ya ce, su.
Sai alƙalamina ya tsaya.
Nan ƙasar Babura rijiyarmu gaba talatin ce,
kifin da muka sani banda ne, a kwali, ranar kasuwa.

Liman Isiyaku bai tsawaita ba bayan Juma'a.
Ya ce, mutanen Madina ba su bincika kayan baƙinsu ba
kafin su buɗe ƙofa.
Kafin la'asar rumbuna sun amsa:
Nadabo dami biyu,
Tabawa mai ƙosai wake kwano uku,
wani da na sakaya sunansa ya kawo gero mai ƙwari,
shi ma na rubuta.
Matan zumuntar coci daga Gumel
suka aiko da barguna shida da maganin tari.
Aka dubi liman. Ya ce a karɓa,
sanyi ba ya tambayar alƙibla.

Kangon marigayi Ɗanliti muka yi wa jinka.
Gona aro, damina uku, daga kalgo zuwa suri.
Hauya. Akuya mai ciki.
Ba kowa ya so ba.
Akwai wanda ya ce min a kunne,
mu ɗin da muke nan, ƙoshi ne ya hana mu gudu?
Ban sami amsa ba, na gyara hula.

Daminar farko kunyoyinsa suka yi ta karkata
kamar kwalekwale a iska.
Yara na dariya, tafinsa na bororo.
Da dare kuma, a hasken aci-bal-bal,
sai ya zauna yana warware tsofaffin buhuna,
yana ƙulla ido bayan ido.
Na ce a raina, Allah sarki, kewa ta taɓa shi,
wa ke saƙa koma a kan jigawa?

Kaka ta yi, jan baki suka sauko kamar hadari.
Gonar Kyari kaɗai aka ga zangarniya cikin raga.
Washegari Nadabo da kansa ya yi sallama a zaurensa.
Yanzu duk amalanken da ya fita da harawa
cikin ragar Kyari take,
Yagana kuma na saida yajin da ba mu san sirrinsa ba.

Bana, bayan an ɗaure damma,
ya shigo da guda a ka, ya dire gabana.
Na ce, na mene ne?
Ya ce, na goma ne.
Na juya littafin ta ɗaya gefen,
shafin masu bayarwa,
na rubuta sunansa ƙarƙashin na Tabawa.

Autarsu Fanna Hausarta irin tamu ce,
jiya take tambayata ko Tafki ya fi kududdufinmu girma.
Shi kuwa, duk sanda ruwa ya sauka da dare,
da asuba za ka same shi bakin kududdufin nan,
ya naɗe wando zuwa gwiwa,
ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama
yana sauraron inda iska ta dosa.