Tabarmar Ƙarƙashin Mudu

Ƙarfe biyun dare a Gwammaja,
inji ya yi tari sau uku, ya mutu.
Saura ni da hasken allo
da kashi goma sha ɗaya na batir.

Manhajar nan rijiya ce a bakin hanya:
wani ya haƙa, wani ya ɗaure mata baki,
wani ya bar guga ya wuce
bai faɗi sunansa ba.
Da ruwanta na yi lissafin digirina,
ko kwabo ban biya ba.

Watan jiya na kama ta da ƙwange.
Ba da gangan take yi ba.
Ka ba ta lambobi miliyan goma ta tara,
sai manya su haɗiye ƙanana
can a gurbi na goma sha shida,
lungun da ido ba ya shiga.
Amsa ta fito cikin babbar riga,
aljihunta kuwa a huje.

Mahaifina, Malam Nafi'u mai awo,
shekara talatin a Kasuwar Rimi,
bai san kwamfuta ba har ya koma ga Allah.
Amma bai taɓa auna gero
ba tare da tabarma a ƙasa ba.
Abin da ya zubo daga bakin mudu
sai ya tattara da gefen hannu,
ya mayar cikin awo na gaba.
"Ƙwaya ɗaya ba komai ba ce," in ji shi,
"sai ranar da aka tara maka ita."

Shi na rubuta.
Layi goma sha bakwai:
a riƙe abin da ya zube,
a mayar da shi kafin a ci gaba.

Na tura.
Wata mata ta duba,
wadda hantsinta ke faɗowa cikin tsakar darenmu,
ban san fuskarta ba, ba ta san Kano ba.
Ta ce daidai ne, amma yana jan ƙafa.
Na gyara.
Ta ce ina gwajin da zai tsare shi
ranar da ni da kai ba ma nan?
Na rufe allo da fushi,
na tafi teburin Sagir mai shayi,
na ce kauri, kada ka sa sukari.
Kafin kofi ya huce
na san ita ce da gaskiya.

Barira ta ɗaga labule da goyo a baya.
"Wai nawa za su biya ka?"
Na ce gayya ce.
Ta ce, "A garinmu, in an yi gayya
akan dama fura, a tuƙa tuwo.
Kai gayyarka datarmu take ci."
Ban da amsa. Dariya na yi,
ita ma ta kusa yi.

Ran Alhamis aka karɓa.
Babu kiɗa, babu guɗa,
kalmar godiya ɗaya, sai sunana
a tsakanin sunaye biyu
da harshena ya kasa juyawa.

Wata rana wani zai auna ruwan dam,
wata za ta lissafa nauyin gada
ko ƙwayar maganin jariri,
lambar ƙarshe ta zauna daidai,
su tashi su tafi cin abinci,
ba su san an taɓa yin rami a wurin ba.
Haka nake so.

Yanzu saura kashi uku.
Akwai wani kuskuren a jerin masu jira,
shekara huɗu ba wanda ya taɓa shi.
Na rubuta a ƙasa: ni zan ɗauka.

Ladan ya gyara murya a masallacin layinmu.
Na naɗe wayar caji,
na jefa ta inda take kwana,
cikin tsohon mudun Baba.